Sabuwar Waya, Tsohon Layi

"Wata huɗu, Auta. Wata huɗu cur ko 'kin tashi lafiya' bai rubuto miki ba, ke kuma kin kwanta a kan waya kamar kaza a kan ƙwai."

"Yaya, kayanki na kawo miki, ga su nan na goge. Ban zo don wannan zancen ba."

"Ai kuwa sai kin ji shi. Ni na riƙe ki tun rasuwar Mama. In ban faɗa miki gaskiya ba wa zai faɗa miki, bango?"

Auta ta ajiye ledar kayan a hannun kujera, ta sunkuyar da kai.

"Ga ƙanin maigidana nan, mutum da kemis ɗinsa, kullum magariba a gida take yi masa. Waya ya saya miki sabuwa fil, ko godiyar kirki ba ki yi masa ba. Ke sai wani can a tsakiyar ruwa, wanda inji ya kusa gutsure masa yatsa. Yau yatsa, gobe hannu, jibi a aiko miki da jakarsa..."

Auta ta ɗago kai.

"Wane yatsa?"

"Na'am?"

"Kin ce inji ya kusa gutsure masa yatsa. Da yatsunsa goma ya tafi, Yaya."

Yaya ta kama gyaran ɗankwalin da bai karkace ba.

"Misali nake yi miki. Ke komai sai kin bi diddigi."

To 'yan mata, ku riƙe mini wannan yatsa, za mu dawo masa. Ni ba gulma nake ba, amma labari in ba a faro shi daga tushe ba, ba ya daɗi.

Auta guga take yi a wani gidan wanki da ke bayan tashar bas, mai injin wanki uku da teburin guga biyu. Tun safe tana cikin tururi da warin sitati, tana miƙar da rigunan mutanen da ba ta sani ba. A nan saurayin nata na cikin ruwa ya same ta. Ya shigo da kayan aiki kala biyu a ƙunshe, baƙi ƙirin da man inji, ya zube su a kan kantar shagon.

Ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu.

"Malam, wannan wanki za a yi masa ko jana'iza?"

"Duk wanda kika fi iyawa."

Daga ranar ta sa masa suna Baƙin Mai, shi kuma yana ce mata Mai Guga. Makanikin jirgin ruwa ne, irin jiragen da ke yin wata da watanni ba su ga ƙasa ba. A hutun nan nasa riga ɗaya ya kawo sau uku cikin mako guda, ba ko ɗigon datti a jikinta. A na ukun ta ce masa in yana da magana ya yi, rigar mutane ta fara koɗewa.

Maganar ya yi, kuma ta karɓu.

Da zai koma aiki karon farko ya sayo waya biyu iri ɗaya, ya ba ta guda. Ya ce a tsakiyar teku babu sabis, kira ba ya shiga, saƙon layi ma haka. Abin da ke akwai sai intanet ɗin jirgi, shi ma awa ɗaya da safe. Amma irin wayoyin nan suna da tasu hanyar saƙo tsakaninsu, ta intanet take bi. Sauran manhajojin hira kuwa ya ce shi ba ya yi da su, gidan surutu ne. Da hannunsa ya saita mata komai. Ita dai abin da ta sani, in ta rubuta masa saƙon shuɗi yake fita, in ya buɗe ta ga an rubuta an karanta.

Kowace safiya sai ya ɗauki hoton kofin shayinsa a bakin 'yar tagar jirgi, ya turo da layi biyu ko uku. Da wannan take karya kumallo.

Yaya kuwa tun ran farko ta ce ba da ita ba. Mahaifinsu direban babbar mota ne, ya tafi wata uku ya dawo kwana uku, wata tafiyar ma bai dawo ba. Mama a bakin taga ta tsufa. Yaya ta rantse ƙanwarta ba za ta gaji wannan tagar ba.

Ita ma Auta abin na cin ta. Da ya zo hutu na biyu ta ce ya bar ruwa haka nan, ga garejoji a gari. Ya ce tafiya ɗaya ta rage a kwantiraginsa, ta yi haƙuri. Magana ta yi zafi a bakin tasha, jakarsa na rataye a kafaɗa.

"In ka hau motar nan kada ka ƙara nema na."

"Mai Guga..."

"Na gama magana."

Ya hau.

Washegari ga hoton kofi ya shigo. Ta buɗe, ta karanta, ta yi murmushi, ta kife wayar. A ranta ta yanke masa horon kwana goma. Za ta karanta, ya ga ta karanta, ba za ta ce uffan ba, ran na goma ta huce. Mu mata mun san wannan horon, ba wadda ba ta taɓa yi ba, in ma akwai to ƙarya take.

Kwana ɗaya, kwana biyu, har tara. Bai fasa ba.

Ran na tara da la'asar Yaya ta kira ta gida. Ga kwali a kan tebur, ga mai kemis a zaune ya harɗe ƙafa yana ƙamshi.

"Na ga gilashin wayarki ya tsage," ya ce. "Bai dace da ke ba."

Gaskiya ne, ta taɓa faɗowa daga teburin guga, batirin ma kafin azahar yake mutuwa. Auta ta fara cewa a bar shi, Yaya ta harare ta. Da tsinken ɗan kunnenta Yaya ta zaro sim ɗin, ta sa a sabuwar. Ta wani kamfani ce daban, faffaɗa, tana sheƙi.

"Layinki ne dai, lambarki ce dai, duk mai nemanki zai same ki. Tsohuwar ki bar ta nan, na dinga jin rediyo da ita," in ji Yaya.

Safiyar kwana na goma Auta ta tashi da wuri, ta haɗa shayi, ta ajiye sabuwar waya a gefen kofi. Har ta shirya abin da za ta ce masa. Za ta ce, Baƙin Mai, ka ci sa'a na huce.

Shayi ya huce. Waya ba ta yi motsi ba.

Ta ce ko intanet ɗin jirgi ne. Washegari ma shiru. Ran na uku ta haɗiye girman kai ta rubuta masa.

"Na huce."

Saƙon ya fita kore. Ba ta kawo komai a ranta ba, ta ɗauka launin sabuwar waya ke nan. Babu an karanta, babu komai, ya tsaya nan kamar wanda aka bari a bakin ƙofa.

"Wasa fa nake yi maka."

"Yau wani ya kawo kaya irin naka, ban ce masa komai ba."

"Don Allah ko zagi ne ka rubuto."

Ta kira, aka ce ba a samun layin.

Sai ta zauna ta yi wa kanta hukunci. Kwana tara yana lallashi tana shan ƙamshi, ya gaji. Ita ta ce kada ya neme ta, ya kuwa ji maganarta. Wa za ta kai wa ƙara? Ko Yaya ba ta iya faɗa wa ba sai da aka yi wata guda.

Ɗakinta ɗaya ne a hawa na uku, tagarsa na kallon bangon wani gini. Gado, butar lantarki, kofi biyu. Ɗayan ta wanke shi ta kife a saman durowa, bayan kwana biyu ta sauko da shi, ta sake mayarwa. A wurin aiki takan sa wayar a aljihun gaba don ta ji in ta girgiza. Tana girgizawa kuwa, amma ko dai talla ce, ko Yaya, ko mai kemis yana tambayar ta wuni lafiya. Ranar da aka kawo kayan wata amarya, farin leshi har kala shida, ita ta goge su, ta naɗe, ta shiga bayan inji na uku inda ƙara ta fi yawa ta yi kukanta, ta fito ta ci gaba da aiki.

Mai kemis yakan biyo ta shagon, ya tsaya daga bakin ƙofa don kada tururi ya taɓa masa riga.

"Ya waya? Tana yi miki daɗi?"

"Lafiya lau, na gode."

"Ai irin wannan ba ta tara shirgi. Duk abin da bai kamace ki ba, ba ya shigowa."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ita ba ta gane abin dariyar ba.

Haka aka cinye wata huɗu, har ranar da bakin Yaya ya suɓuce.

Kwana biyu yatsan nan na yi wa Auta yawo a ka. Ta san Yaya. Yaya in za ta yi misali da mutuwa take farawa, ba ta tsayawa a yatsa.

Ran Litinin ta roƙi mai shagon awa biyu, ta shiga layin masu gyaran waya. Ta zaɓi wani dattijo mai tabarau, da 'yar fitila a gabansa da ƙananan sukurori a murfin kwalba.

"Baba, waya takan hana saƙon mutum ɗaya shigowa?"

"In kin toshe shi."

"Ban toshe shi ba."

"To shi ya toshe ki."

Ta juya za ta tafi. Ya leƙo ta saman tabarau, ya ga idonta.

"Dawo, 'yata. Wannan wayar da ita kuka saba magana?"

"A'a, canzawa na yi."

"Wace iri ce ta da?"

Ta faɗa masa.

"Shi fa?"

"Irinta ce sak. Shi ya saya mana."

"Da za ki canza, kin kashe hanyar saƙonsu? Kin fita daga asusunki?"

"Wane asusu? Sim kawai aka cire."

Dattijo ya ajiye abin kwance sukuro.

"Ai kin tashi daga gida ba ki sallami mai kawo wasiƙa ba. Waccan irin wayar, in ta ga 'yar uwarta ba ta bi ta layi, ta intanet take bi. Tasa har yanzu gani take kina tsohon gida, can take kai saƙo. Naki kuma da kike turawa daga wannan ta layi yake bi, in babu sabis a inda yake, sai dai ya yi ta zama a hanya."

"Baba... kana nufin yana iya yiwuwa yana rubutowa?"

"Ni ban san zuciyarsa ba, waya na sani. In tsohuwar na kunne, kuma tana samun intanet, duk abin da ya turo yana cikinta. Tana ina?"

Auta ta fita da gudu. Har ta kai bakin titi ya ɗaga murya yana cewa ta manta jakarta, ta dawo ta fizge ta, sai gidan Yaya.

Yaya na kicin, ruwan famfo na zuba, ba ta ji shigowarta ba. Maigidan ya fita aiki. Auta ba ta yi sallama ba, ta wuce falo, ta tura ƙofar ɗakin kwana. Ba ta sha wahalar nema ba. Wata farar igiyar caja ce ta fito daga bayan gado, ta bi ƙasan kafet, ta shige durowar gefe ta wata 'yar kafa.

Ta jawo durowar.

Ga ta nan a kan ninkakken mayafi, da tsagaggen gilashinta, batir cike taf.

Ta buɗe. Hotunan kofi, ɗaya bisa ɗaya, ta ja sama ba su ƙare ba, ta sake ja ba su ƙare ba. Ƙarƙashin kowanne an rubuta an karanta.

Ta zame ta zauna a ƙasa.

"Kwana goma yau, Mai Guga. Na san ki, na ce yau za ki huce."

"Na ga kin karanta. To ba komai, karatun ma magana ce."

"Mai dafa mana abinci ya ce in daina, wai mace in ta yi shiru wata guda ta tafi. Na ce masa wadda ta tafi ba ta buɗe saƙo ƙarfe bakwai daidai kullum."

"Inji ya kama mini yatsa jiya. Ɗinki huɗu. Da hagu nake rubutu, kada ki yi dariyar kuskurena."

"Yau ruwan ya kwanta kamar kin goge shi."

"Rabin raina, ko harafi ɗaya ne."

Ta tsallake zuwa ƙasa.

"Kyaftin ya kawo takarda, shekara ɗaya za a ƙara. Na ce ya ba ni mako guda. In kin ce in dawo, gareji zan nema, ko wankin mota ne."

"Saura kwana uku."

Na ƙarshe na jiya ne. Babu hoton kofi.

"Gobe Litinin. Na fahimta. Allah ya haɗa ki da wanda magariba za ta dinga yi masa a gida."

Na yau babu.

"Auta."

Yaya ce a bakin ƙofa, hannunta na ɗigar ruwa.

Auta ba ta dube ta ba. Ta duba agogon wayar, sha ɗaya saura. Awar intanet ɗinsu ta wuce tun tuni. Duk da haka ta rubuta, yatsunta na tuntuɓe a kan tsagar gilashin.

"Baƙin Mai, ni ce. Yau na ga saƙonninka. Ba ni nake karantawa ba. Kada ka sa hannu."

Ya fita shuɗi.

"Auta, ki tsaya ki ji. Mai kemis ne ya ce in an bar ta a kunne saƙon ba zai bi ki ba. Ya ce wata ɗaya ya isa, yaron zai gaji, ke ma ki huta. Don ke na yi. Kin manta Mama? Kin manta yadda take tashi in ta ji ƙarar mota?"

"Wata ɗaya ya ce."

"Eh."

"Yau wata huɗu. Don me ba ki kashe ta ba, ki jefa a shara?"

Yaya ta kau da kai.

"Ƙarfe bakwai daidai, Yaya. Kullum. Ya ji ciwo kin sani, ni ina can ina gugar leshin amaren mutane. Na zo nan na yi kuka a kan cinyarki, kina shafa mini kai, ashe tana nan a durowa tana caji."

Yaya ta zauna a bakin gado, ta goge hannunta a zani, ta sake gogewa ko da yake ya bushe.

"Ƙarfe bakwai saura kwata maigidana yake fita," ta ce a hankali. "Shekara goma sha ɗaya. Ya sha shayinsa yana kallon labarai, ya ce a sayo gas, ya ja ƙofa. Kullum a gida yake kwana, ban taɓa jiran sa a taga ba. Ban kuma taɓa jin ya ce ruwa ya kwanta kamar na goge shi ba."

Ta ɗan yi wata dariya marar daɗi.

"Na farko don in ga ko ya gaji na buɗe. Daga nan... ban san yadda aka yi ba. In ya ja ƙofa sai in haɗa shayina in zo nan."

Ni dai a nan bakina ya mutu, kuma ba kasafai yake mutuwa ba.

Wayar ta girgiza a hannun Auta.

Su biyun suka zabura.

"Mai Guga? Ina ofishin kyaftin, a nan intanet ba ya yankewa. Da gaske ke ce?"

"Ni ce. Wannan wanki za a yi masa ko jana'iza?"

Ɗigo uku suka fito, alamar yana rubutu. Suka ɓace. Suka dawo. Suka sake ɓacewa.

"Na sa hannu ƙarfe tara. Na jira har awar ta ƙare. An riga an tura takardar."

Auta ta rufe ido. Hawaye ya gangaro ya ɗiga a kan gilashin, ya bi tsagar.

Shekara ɗaya. Awa biyu kacal ta makara.

Ta share da bakin mayafi ta rubuta.

"Ya yatsan?"

"Ya warke, ya ɗan karkace."

"Haka nake son sa. Ina kofina na yau?"

"Ban sha ba."

"Je ka haɗa ka turo mini. Gobe ma. Shekara ɗaya ce, zan ƙirga ta da kofi."

Ta miƙe, ta zare cajar daga bango, ta naɗe igiyar a hannunta. Ta ciro sabuwar wayar daga jaka, ta cire ɗan kunnenta, ta zaro sim ɗin da tsinken, ta ajiye wayar a kan gado kusa da Yaya.

"Ki mayar wa mai kemis. Ki ce na gode, ba ta tara shirgi kam."

"Ya sa hannun ko?" Yaya ta tambaya. "Kin gani? Abin da na guje miki ke nan. Taga, Auta. Tagar Mama."

"Mama wanda ba ya rubutowa ta jira. Nawa yana rubutowa. Ke kin fi kowa sani."

Ta nufi ƙofa. Wayar ta sake girgiza a tafin hannunta, ta duba, duk da hawayen sai da bakinta ya motsa da murmushi.

Yaya ta miƙa wuya, ba ta ma san ta yi ba.

"Me... me ya ce?"

Auta ta tsaya riƙe da mariƙin ƙofa. Ta dubi yayarta a bakin gado, ga durowa a buɗe ba komai ciki sai mayafi. Tausayi ya taso mata, ta danne shi, don ba yau ne ranarsa ba.

"Ba naki ba ne, Yaya."

Ta fita, ta bugo ƙofar da ƙarfin da sai da hoton aurensu Yaya ya karkace a bango.